Yadda Barmini Ya Daidaita Mana Labarai

Kowane wurin aiki da gwaninsa, amma mu Allah ya haɗa mu da wanda ya fi na kowa. Sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya, mu kuwa a bayan idonsa Barmini muke ce masa, domin babu abin da zai lalace a ofishin jaridarmu bai ce "ku bar mini" ba. Fankar ɗakin labarai ta fara kuka, ya ce a bar masa. Aka bar masa, ta daina kukan, ta daina juyawar ma gaba ɗaya. Injin buga takarda yana cin takarda jefi-jefi, ya sa masa hannu, ya koma haɗiye su a dunƙule. Kusan ba mai iya ce masa uffan, saboda shi ne mijin babbar 'yar Maigida, mai jaridar. Ni wakilin wasanni ne, teburina yana kallon nasa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gaban idona aka yi, wanda ban gani ba kuma gari ya gani.

Maigida dattijo ne mai sanyin magana. Ya fara jaridar nan tun tana takarda, har zamani ya tura ta shafin intanet. Motarsa sai an tura take tashi, rigunansa duk mun haddace su, amma yana da abu guda da yake taƙama da shi: wani allon katako da aka kafa a saman ƙofar ɗakin labarai, an rubuta da manyan baƙaƙe, BA MU TAƁA JANYE LABARI BA. Kullum da safe shi da kansa yake miƙa hannu ya goge shi da hankici. Yakan ce mana jarida ba ta da wata dukiya sai sunanta, ranar da ta ce "mun yi ƙarya" ranar ta fara mutuwa.

Ana nan sai maganar haɗaka ta taso. Ashe kowane labari da ke shafin intanet yana da wasu alamomi a bayansa waɗanda inji ke karantawa: wannan kan labari ne, wannan sunan marubuci, wannan ranar da aka buga, wannan kuma hotonsa. A da kowace jarida yadda ta ga dama take sa nata, irinmu ma ba mu cika sawa ba. Sai jaridu suka yi haɗaka, suka amince da ƙa'ida ɗaya, don a riƙa tattara labaransu wuri guda ana tura wa mutane a waya. Wanda ya bi ƙa'idar a buɗe masa ƙofa, wanda bai bi ba ya ci gaba da magana shi kaɗai.

Maigida ya tara mu, ya yi bayani, ya ce, "To, wa zai iya mana wannan aikin?"

Bai rufe baki ba Barmini ya miƙe. "Baba, ku bar mini."

Mutum ɗaya ce a ofishin take iya taka masa birki, wato Edita, ƙaramar 'yar Maigida, ƙanwar matarsa. Ta ajiye bironta ta ce, "Yaya Injiniya, fankar da aka bar maka ga ta can har yau tana kallonmu."

"Fanka aikin 'yan gyara ne, yarinya. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne."

"To a ina za ka aro?"

"Baba, kun ji ta ko? Na auri yayarta tana wasan ƙasa."

"Na daina wasan ƙasa, kai ne har yau kake wasa da kayan wuta."

Maigida ya ɗaga hannu. Ina jin tausayin 'yarsa ta fari ne ya rinjaye shi, don ta sha zuwa tana cewa ba a ba mijinta dama. Ya ce, "An bar maka. Amma ka dubi allon can kafin ka taɓa komai."

Barmini ya dubi allon ya yi murmushi. "Baba, in na gama sai an ƙara masa layi."

Haɗakar ta shirya horo, aka tura shi. Ya dawo da wani kati mai igiya rataye a wuya, wanda ina zargin har wanka da shi yake shiga. Tun daga ƙofa ya fara wa'azi. Ya zana gurabe huɗu a farin allo, ya ce labarin da bai cika su ba ba labari ba ne, gulma ce. Ya manna wa kofunan shayi sunaye, ya manna wa kujeru, har kwandon shara ya samu alama. Wata rana na shigo da gudu na ce an lallasa ƙungiyarmu, sai ya tare ni.

"Ina marubuci? Ina rana? Ina hoto?"

"Injiniya, magana nake yi da bakina."

"Shi ya sa ba ku ci gaba. Ko maganar baki tana da ƙa'ida."

Ya ce yana bukatar hoto na gwaji, sai ya tafi wajen mai hoto. Aka ɗauke shi cikin kwat, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, biro tsakanin yatsu, yana kallon nesa sai ka ce mai tunanin makomar duniya. Ku riƙe hoton nan a ranku, za mu sake haɗuwa da shi.

Haɗakar tana da wani shafin awo. In ka sa labari, gurbin da yake cike ya nuna kore, wanda yake fanko ya nuna ja. Sababbin labarai ba su ba da wahala ba, don Edita ce take cike su da hannunta. Matsalar ita ce taska, wato tsofaffin labaranmu na shekara da shekaru, don ƙa'ida ta ce su ma sai an yi musu alama. Barmini ya zuba su a shafin awo, fuskar kwamfutarsa ta yi ja wur kamar gauta. Wani ba sunan marubuci, wani ba hoto, akasarinsu kuma ranar tana cikin rubutu ne kawai, ba a gurbin da inji zai gani ba.

Edita ta leƙo ta ce, "A raba mana su, kowa ya ɗauki nasa, mu bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba mu san gaskiyarsa ba mu bar shi."

"Ɗaya bayan ɗaya?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ai tsintar tsakuwa ce a shinkafa. Mu masu ilimin abin, layi ɗaya muke rubutawa."

Washegari kuwa ya kira mu, ya juyo mana da kwamfutar. Kore shar, daga sama har ƙasa.

Edita ta ƙanƙance ido. "Me ka zuba a ciki?"

"Sirrin aiki."

"Yaya Injiniya, me ka zuba?"

"In na yi miki bayani kanki zai yi ciwo, yayarki ta ce na zalunce ki."

Abin da ya yi, wanda sai daga baya muka sani, shi ne ya ba inji umarni ɗaya: duk gurbin da ka samu fanko, cike shi. In marubuci ne babu, sa sunana. In rana ce babu, sa ta yau. In hoto ne babu, ga wannan na gwaji. A lissafinsa alamomin a ɓoye suke, inji kaɗai ke gani, inji kuwa ba shi da baki. Bai taɓa tambayar kansa ba, in injin ya gama karantawa, wa yake kai wa.

Aka sa ranar ƙaddamarwa. Haɗakar ta ce za ta buɗe mana ƙofar gwaji a ranar, ta kuma turo jami'arta ta gani da ido. Barmini ya gayyaci maƙwabta, ya aro majigi, ya jera kujeru a ɗakin taro. Da hantsi Maigida ya tafi tasha tarbo baƙuwar, wayarsa kuwa kamar kullum tana cikin aljihun teburinsa. Yana fita Barmini ya gyara kwat, ya ce mu shaida tarihi, ya danna maɓalli. Taskarmu gaba ɗaya ta kwarara cikin wayoyin mutanen gari, kowane labari da ranar yau a goshinsa.

Ba a jima ba muka ji ƙarar rufe shaguna a titi. Sai ga telan da ke ƙasan benenmu ya hauro da gudu, almakashi a hannu, tef a wuya, yana haki.

"A wace unguwa take?"

"Wa?" in ji Edita.

"Kurar mana! Ku kuka buga!"

Ya miƙa mata waya. Ga shi nan da sunan jaridarmu: kura ta kuɓuce daga gidan namun daji, ana gargaɗin jama'a su zauna a gida. Labarin gaskiya ne, sai dai an yi shi tun ina sabon ɗauka, kuma a yinin aka kama ta. Wayar ofis ta fara ruri. Shugabar makarantar da ke bayanmu ta ce ta kulle yara a aji, iyaye sun cika ƙofa, ita kuma ba za ta buɗe ba sai an kama dabbar. Mai gadin gidan namun dajin ya kira yana rantsuwa, ya ce kurar nan tsufa ya kashe ta tuntuni, yanzu ga mutane da sanduna sun zo taimakonsa.

Edita ta juya a hankali. "Yaya Injiniya."

Shi kuwa idonsa yana kan wani abu daban. "Zo ki ga masu karatu! Tun da aka kafa jaridar nan an taɓa shiga shafinmu haka?"

"Ka kashe abin nan."

"Ba a kashe ƙa'ida."

"Ka iya kashewa ko ba ka iya ba?"

"Tambayar ma ba ta kan ƙa'ida."

Muka gane bai iya ba. Edita ta ja kujera ta fara cire labaran da hannu, amma tana cire ɗaya goma suna fita, kamar mai kwalfe rijiya da cokali. Tela ya ƙi sauka, ya ce shi dai sai ya ga gawar kurar.

Ana cikin haka wani mai karatu ya kira wayar Barmini, yana yaba wani tsohon bincike da Edita ta yi a kan ruwan famfo, wanda yanzu ya fito da sunansa. Barmini ya sa wayar a amsa-kuwwa don kowa ya ji. "Haba, ƙaramin aiki ne," in ji shi. "Ai duk abin da ka gani a shafin nan da sunana, daga wannan kan ya fito." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

"Madalla," aka ce daga bakin ƙofa. "Mun ji da kunnenmu."

Shugaban mahauta ne, wani ƙaton mutum mai kaurin wuya, da mutanensa a baya, ko rigunan aiki ba su cire ba. Shekarun baya wani ya taɓa rubuta sharhi a jaridarmu ba tare da suna ba, ya ce mahautan garin nan babban yatsansu ya fi naman da suke aunawa nauyi. Sun yi zarya suna neman marubucin, Maigida ya ƙi faɗa. Yau sharhin ya dawo sabo fil, da cikakken sunan Barmini a ƙarƙashinsa.

"Shekara da shekaru muna neman mai wannan alƙalamin," in ji shugaban. "Ashe kullum kana zuwa muna yi maka gyara."

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne. Inji ne."

"Inji ne yake sayen nama?"

Barmini ya waiwayi Edita. "Ƙanwata, yi musu bayani."

"Yau ni ce ƙanwa? Ai yanzu ka gama cewa daga wannan kan ya fito."

Daidai nan muka ji tarin motar Maigida a ƙasa. Edita ta roƙi mahauta don girman furfurar mahaifinta su shiga ɗakin taro su zauna, in an sallami baƙuwa a yi magana. Suka shiga suka cika layin gaba, suka harɗe hannuwa. Maigida ya hauro da jami'ar haɗaka, wata mata mai tabarau da ƙaramar jaka, yana ba ta haƙuri wai yau garin shiru, shaguna duk a rufe, bai san dalili ba. Da ya leƙa ɗakin taro ya ga cikar mutane, sai fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko?" ya ce mata. "Har mahauta sun bar kasuwa sun zo. Ban san jaridar nan tana da masoya haka ba."

Edita ta matso. "Baba, ina son magana."

"Bayan taro, uwata."

"Baba, ba ta jira."

"Yau ranar yayanki ce, ki bar shi ya sha iska."

Duk mai hankali a nan zai ce cikinsa ya murɗa ya nemi ƙofar baya. Barmini kuwa da ya ga makirufo, sai kura da mahauta suka fice masa daga kai. Ya hau gaba, ya gyara katin wuyansa, ya fara. Ya ce kafin zuwansa labaranmu kamar awaki suke ba makiyayi. Ya ce ya yi a kwana kaɗan abin da manyan jaridu suka kasa a shekara. Ya ce in haɗaka tana bukatar mai horar da masu horarwa, ƙofarsa a buɗe take. Ya kunna majigi ya nuna koren nan a bango, maƙwabta suka tafa, mahauta ba su tafa ba.

Baƙuwar ta gyara tabarau. "Na ga kore. Yanzu a nuna mana yadda yake fita a wayar mai karatu."

"Wannan ai ba sai an..."

"A nuna mana."

Ya danna. Labari na farko ya cika bango: ANA NEMAN ƁARAWON AWAKIN DA YA ADDABI UNGUWA, DUK WANDA YA GAN SHI YA SANAR. A ƙarƙashi ga Barmini cikin kwat, hannu a haɓa, yana kallon nesa.

Sai tela ya ce, "Wallahi an ɗauke shi da kyau."

Barmini ya yi sauri ya wuce. Na biyu: AN KAMA MAI MAGANIN BOGI. Shi ne dai, hannu a haɓa. Na uku: TSOHON DA YA FI KOWA SHEKARU A GARIN NAN YA BAYYANA SIRRINSA. Na huɗu: SANIYA TA HAIFI 'YAN UKU. Duk shi ne. Mahauta da suka zo da fushi suka fara dukan cinya, shugabansu yana share hawaye da gefen riga. Maigida bai yi dariya ba. Ya zauna kamar an dasa shi, yana kallon bango.

Sai ƙofa ta buɗe, 'yan sintirin unguwa suka shigo su biyu, da wata tsohuwa mai sanda a tsakiyarsu. Ɗaya ya ɗaga waya, ya dubi hoton, ya dubi Barmini, ya sake duban hoton.

"Shi ne. Har kwat ɗin bai canja ba."

"Ina akuyata?" in ji tsohuwar. "Ja ce, mai farin goshi."

"Iya, ni injiniya ne!"

"Ban tambaye ka sana'arka ta rana ba."

"Wannan kuskuren alama ne! Gurbi ne ya..."

"A wane gurbin ka ɗaure ta?"

Shugaban mahauta ya miƙe ya ce wa 'yan sintiri su bi layi, su suka riga zuwa. Ɗan sintiri ya ce laifin sata yana gaba da laifin baki. Suka kama musu a kan wa zai fara tafiya da shi, Barmini yana tsakiya, gaba kura baya sayaki, yana ta daddanna kwamfuta ko Allah zai sa ta mutu. Maimakon ta mutu sai ta kawo labari na gaba, kuma daidai lokacin muka ji salati da kuka suna hawowa bene.

Shekarun baya tsohon direbanmu ya rasu, muka buga ta'aziyya ba hoto, don marigayin ba ya yarda a ɗauke shi. Ga ta nan yanzu a bango: JARIDAR NAN TA YI BABBAN RASHI, ALLAH YA YI WA MA'AIKACINMU RASUWA. Rana, yau. Hoto, kun san shi.

Mahaifiyar Barmini ce ta faɗo ɗakin, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, matarsa tana riƙe da ita, ita ma idanu sun kumbura. Sun yi ta kiran wayarsa, shi kuwa ya kashe ta tun da zai hau jawabi. A gida, in ji su, har maƙwabta sun fara shimfiɗa tabarmi. Mahaifiyar ta tsaya cak, ta dubi bango, ta dubi ɗanta a tsaye da makirufo. Ta tafi da gudu ta rungume shi, tana shafa fuskarsa tana hamdala, har ni sai da idona ya kawo ruwa. Ta ɗan ja baya ta sake duban bangon. Ba ta yi boko mai zurfi ba, amma sunan ɗanta ta san shi ko a duhu.

"Wancan na ƙasa, inda aka ce marubuci, ba sunanka ba ne?"

"Inna, bari in yi miki bayani..."

"Kai ka rubuta?"

"A ƙa'idance..."

"Kai da hannunka ka rubuta ka mutu, ka aiko mini a waya?"

Ta cire takalmin da ya rage. Ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba saboda mutumin yana da 'ya'ya, amma mahauta da 'yan sintiri ne suka haɗu suka ƙwace shi, shugaban mahauta yana cewa, "Hajiya, a bar mana saura."

Da ƙura ta lafa, baƙuwar ta rufe jakarta ta ce, "Malam, wa ya koya maka cike gurbi haka?"

Ya gyara katinsa da ya juya baya. "A wajen horonku aka ce kada a bar gurbi fanko."

"An faɗa, da safe. Bayan hutun shayi kuma aka ce wanda bai san gaskiyar abin da zai sa ba, ya bar shi ja, ja ya fi ƙarya. Kana ina lokacin?"

"Ina waje ina yi wa wasu ƙarin bayani."

"Kore yana nufin akwai abu a gurbin ne kawai. Ko dutse ka sa zai yi kore." Ta juya ga Maigida cikin ladabi. "Baba, ku yi haƙuri, dole mu rufe ƙofar yanzu. In kun gyara ku sake nema. Sai dai ina roƙon izini mu riƙa nuna abin da ya faru yau a wajen horo."

Barmini ya ɗago kai, kunne ɗaya ya yi ja. "Kun ji ko? Aikina za a riƙa koyarwa."

Sai Maigida ya miƙe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ba mahauta haƙuri, ya ba tsohuwa mai akuya haƙuri, ya durƙusa ya ba surukarsa haƙuri. Sannan ya ja kujera zuwa ƙofar ɗakin labarai, ya dafa kafaɗata ya hau. Ya ciro hankicinsa ya goge allon nan tas kamar yadda ya saba, sa'an nan ya cire shi daga ƙusa, ya sauko, ya jingine shi fuskarsa tana kallon bango. Na sha ganin ƙungiyarmu ta sha kashi a fili ban ji komai ba, amma wannan ya sosa mini rai ƙwarai. Mahauta ma da suka ƙi jinin jaridar sai da suka sunkuyar da kai.

"Uwata," ya ce wa Edita, "zauna ki rubuta. Mu gaya wa mutane babu kura, babu rasuwa, ɓarawon awaki kuma ba wannan ba ne. Ki ce mun janye, muna neman gafara."

Barmini ya matso. "Baba, wannan ai ƙaramin abu ne, ku bar..."

"A'A!" Ɗakin gaba ɗaya ne ya amsa, har da tela, har da mahaifiyarsa.

Edita ta zauna ta rubuta, Maigida yana tsaye a kanta yana faɗa mata kalma bayan kalma. Sanarwa ce ta jarida, saboda haka ba ta sa sunan kowa ba, ba ta kuma sa hoto ba. Ta danna, ta aika. A cikin ruɗanin nan kowa ya manta umarnin Barmini yana nan daram a cikin inji, majigi kuma ba a kashe ba.

Sanarwar ta fito a bango: MUN YAƊA ƘARYA A YAU, MUNA NEMAN GAFARAR JAMA'A. Rana, yau. Marubuci, Barmini, da cikakken sunansa har na kakansa. Ga shi nan kuma a ƙasa cikin kwat, biro a yatsa, hannu a haɓa, yana kallon nesa.

Edita ta yi tsaki ta kai hannu za ta goge. Maigida ya riƙe hannunta. Ya daɗe yana duban bangon, daga kan labari zuwa rana, daga suna zuwa hoto.

"Bar masa," in ji shi. "Wannan kam ko'ina ya cika daidai."